Agogo Mai Cin Rana

Maigidana hannu biyu gare shi kamar kowa, amma ba launinsu ɗaya ba. Na dama wankan tarwaɗa ne, yadda aka haife shi. Na hagu kuwa, daga gwiwar hannu zuwa yatsu, baƙi ne wuluk, don ya fi shekara talatin yana rataye a tagar mota tsakanin Parakou da Djougou. Direban motar haya ne. Da sassafe zai bar gidanmu a Albarika, ya yi lodi a tasha, ya sauke fasinja a Djougou, ya ci abincin rana wurin Yayarsa wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, sannan ya kwaso wasu ya dawo kafin magariba. Na sha gaya masa cewa ni hannun dama kaɗai na aura, na hagu mallakar rana ne.

Autarmu ce ta kawo agogon. Aikin jinya take yi a Cotonou, kuma tun da ta fara sa farar riga ba ta ƙara kallon ubanta ba tare da ta kalli tumbinsa ba. Wata Babbar Sallah ta zo da ɗan akwati, ta buɗe a gabanmu. Agogo ne baƙi, ƙato, mai kauri, kamar an yanko shi daga tayar mota. Ta ce ba ya tsoron ruwa, ba ya tsoron ƙura, ko an buga shi da ƙarfe ba abin da zai same shi. Yana ƙirga taku, yana jin bugun zuciya, kuma ta tauraron ɗan'adam yana sanin inda mutum yake, har ya zana hanyar da ya bi. Ta haɗa shi da wayata, ta yadda duk abin da ya tara da rana zai zubo ciki in Malam ya dawo gida, ita ma ta gani daga can.

Duk wannan bayani Malam hamma yake yi. Sai da ta ce gilashin yana shan hasken rana ya mayar da shi caji, nan ya gyara zama.

"Tsaya. Rana yake ci?"

"Rana, Baba. Amma ga igiyar cajinsa nan, ka adana ta, don in bai samu rana sosai ba."

"Wannan ai ɗan'uwana ne," ya ce, ya miƙa mata hannun hagu.

Ba a taɓa yin agogon da ya faɗa gidan daɗi irin wannan ba. Masu ƙera shi sun yi shi ne don masu hawan duwatsu da masu gudu a daji, sai ga shi a hannun da ke yini a waje. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, batir bai ko girgiza ba. Malam ya ishi mutanen tasha da fariya. Igiyar cajin kuwa, ran da makullin but ɗin motar ya karye a hanya da lodin doya, da ita ya ɗaure murfin. Da na yi masa magana ya ce, "Abin da ke cin rana me zai yi da igiya? Akuya ce?" Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da aikina.

Rigimarsu ɗaya ce. In ya daɗe zaune, agogon sai ya yi zir a hannunsa, ya rubuta masa da Faransanci cewa ya motsa. Abin yana ƙona masa rai. "Na yi sama da kilomita ɗari tun safe, wai in motsa! Shi ya tuƙo mu?" Amma don ya rufe masa baki, ya daina hawan zem, wato babur ɗin haya, daga tashar Djougou zuwa gidan Yaya, ya koma takawa da ƙafa. Da yamma sai in buɗe waya in ga aikinsa na ranar, dogon layi daga Parakou zuwa Djougou, da ɗan wutsiya a ƙarshe, wato tafiyarsa zuwa kwanon Yaya. Ban taɓa gaya masa ba, amma ina son ganin wutsiyar nan ƙwarai.

Shekara biyu ana haka. Ran nan ya dawo tun kafin la'asar, bai yi sallama da ƙarfi yadda ya saba ba. Kusa da Onklou wata mata na tafe a gefen titi da itace a kai, bai gan ta ba sam, sai da fasinja suka yi ihu. Madubin mota ya taɓa itacen, ya zube, ita ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma shi ya san bai gan ta ba. Muka je asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, yana cinye gani daga gefe. Magani zai tsare abin da ya rage, ba zai dawo da wanda ya tafi ba. Ba wanda ya ce ya ajiye tuƙi a ranar. Shi da kansa, kafin sati ya cika, ya kira wani abokin aikinsa na tasha ya miƙa masa makulli, motar ta koma hannunsa. Na ji alfahari da mijina ranar, har na ɓuya a madafa na yi kuka.

Daga nan ya shiga ɗaki bai ƙara fitowa ba. Mutumin da ba ya iya zaman rabin awa wuri ɗaya, sai ga shi kwance ya juya wa ƙofa baya, rediyo na surutu shi kaɗai. Salla a ɗaki. Ran Juma'a ya zura kaftani mai dogon hannu, ya hau zem zuwa wani masallaci can Ladjifarani inda ya san direbobi ba sa zuwa. Abokansa suka yi ta sallama, ya ce in ce yana barci. Yaya kuwa, duk ta kira sai ya ce mota tana gareji, kuma ya hana kowa ya faɗa mata gaskiya. Ina kallon mutumin nan yana ƙarewa a gabana, ga ƙafa lafiya, ga baki lafiya, ga ido yana ganin gabansa sarai. Tsoro ya kama ni cewa ɗakin nan zai kashe mini shi tun kafin ajalinsa.

Agogon ma ya fara ramewa. Karon farko tun zuwansa gidan, batir ya soma sauka. Na ga Malam yana duba shi yana tsaki, sai na ji ba zan iya jure wannan ma ya mutu a hannunsa ba. To, ni abin da na sani game da rana shi ne shanya. In ya cire agogon zai yi alwalar azahar, yakan bar shi a kan taga ya kwanta. Sai in lallaɓa in ɗauke, in kai tsakar gida in kwantar da shi a kan tabarma tsakanin barkono da kuɓewa, fuskarsa sama. Kafin kiran la'asar in goge shi da gefen zane in mayar. Batir ya farfaɗo. Ni kuwa ina ta yaba wa kaina dabara.

Auta ce ta tona ni. Ta kira wata safiya, ko gaisuwar kirki babu.

"Inna, me ke faruwa a gidan nan? Kullum daga azahar zuwa la'asar zuciyar Baba ba ta bugawa, amma montre ɗin, agogon nan nasa, na shan rana kamar yana kan hanya. Taku kuwa, bai kai na jariri ba."

Na faɗa mata. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce:

"Inna, ke kike taya shi zaman ɗakin nan. Abinci ki kai masa, ruwa ki kai masa, yanzu har rana kike kai masa. Me zai fito nema?"

Na ce ba ta da kunya, ni na haife ta ba ita ta haife ni ba, na kashe waya. Na yini ina wanke tukwanen da ba su yi datti ba. Amma washegari da ya ajiye agogon a taga, na bar shi nan. Wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

Ya ɗauki kwanaki yana sauka, sannan wata safiya fuskarsa ta yi baƙi. Malam ya leƙo daga ƙofar ɗaki.

"Uwargida, ya mutu."

"Allah ya ba ka haƙuri."

"Ina igiyarsa?"

"Tana inda ka ɗaure ta, Malam. Ai ba akuya ba ce."

"Ki aika tasha a karɓo."

"Ƙafata ciwo take yi."

Ya dube ni ta tsakiyar idon nan da ya rage masa. "Barkonon naki ya ƙare ne? Wata guda agogona na sa ni atishawa, kin ɗauka hancina ma ya makance?"

Ashe ya sani tun farko. Na rasa inda zan sa fuskata, shi kuma ya koma ciki ya saki labule.

Da la'asar ɗin ranar sai ga abokin nan nasa mai motar ya yi sallama. Bai yarda na ce barci ake ba. Daga tsakar gida ya ɗaga murya, ya ce yau Yaya ta zo tashar Djougou da kanta, tana dogara sanda. Ta tsaya gaban motar, ta dubi lambarta, ta dube shi a wurin zaman direba. Ba ta tambayi komai ba sai abu ɗaya, ta ce a tambayi ƙanenta abin da ta yi masa. Wata uku ke nan kullum tana zuba masa abinci a kwanonsa ta rufe, da yamma ta ba maƙwabta.

Da ya tafi na ɗaga labulen nan da ƙarfi har sandarsa ta faɗo. Na ce duk abin da na tara na wata uku. Na ce ido ya samu matsala, to mun ji, kunyar ta mene ce? Sata ya yi? Na ce tsohuwar da ta goya shi tana taka titi da sanda tana neman laifinta, shi yana nan yana gadin katifa. Na yi ta yi har na gaji. Sannan ya ce, a hankali, "In na je tasha in ce musu me? A ba ni place, kujerar fasinja? Uwargida, ni fa ban san yadda ake zama a mota ba. Ban san inda mutum ke sa hannunsa ba."

Duk faɗan ya fita daga bakina. Na zauna a gefen katifar na ce, "Ni na sani. Shekara talatin ina yi. Sai in koya maka."

Washegari ya sa rigarsa ta aiki mai gajeren hannu, ya ɗaura mataccen agogonsa, muka taka har tasha. Tun daga nesa direbobi suka hango shi, aka yi ta ihu da sunan da suke kiransa, "Patron! Patron ya tashi daga matattu!" Wannan ya rungume shi, wancan ya ce ya yi fari kamar amarya. Aka kwance igiyar daga murfin but, ashe tuni ta tsattsage, wayoyin ciki duk a waje. Malam ya juya ta a hannu, ya ce a mayar da ita bakin aikinta.

Mai motar ya ba mu gaba. Ni a tsakiya kusa da giya, shi a bakin ƙofar dama, a cikin motar da ya san kukan kowane ƙarfe nata. Da aka tayar, sai na ji hannunsa na hagu ya ɗaga da kansa yana neman taga, ya sauka a kafaɗata. Ya janye shi da sauri. Muka fita daga gari, ƙafarsa kawai nake gani tana taka birkin da babu.

Can bayan mun wuce gonakin kashu na farko, ya kwance agogon. Inda ya saba zama fatar ta yi fari, zobe guda a cikin baƙin hannu. Ya ɗora shi a wuyan hannun dama, ya yi ta fama da maɗaurin, yatsun hagu ba su saba ba. Bai roƙe ni ba, na dai sa hannu na ɗaure masa. Ya sauke gilashi, ya fitar da hannun waje, ya juya fuskar agogon sama. Da muka zo daidai wurin nan kusa da Onklou na ji ya ja dogon numfashi, amma bai dawo da hannun ciki ba.

Daga tashar Djougou muka tafi da ƙafa. Yaya na zaune a ƙofar ɗakinta. Ya durƙusa zai fara bayani, ta ce, "Rufe mini baki, ka wanke hannu." Ta jawo kwanon da ke rufe a gefenta. Bayan ya ci ya faɗa mata komai, ta kira shi sakarai sau uku tana share hawaye da gefen mayafi. Muna nan zaune a hasken tsakar gidanta agogon ya yi zir, ya buɗe ido. Ba a jima ba ya rubuta masa cewa ya motsa. Malam ya yi dariyar da na yi wata uku ban ji ba.

Yanzu sau biyu a sati yake zuwa Djougou a kujerar fasinja, yana gyara wa direba tuƙi tun daga tasha har tasha, sauran ranaku kuma ya zaga Albarika da ƙafa bayan asuba. Layin ya dawo a wayata, da ɗan wutsiyarsa. Jiya da yake alwala na lura hannun daman ya fara baƙi, ya kusa kamo ɗan'uwansa. Shi ne wanda na ce nawa ne, amma na bar wa rana shi da zuciya ɗaya.