Injin Waldar da Baba Ya Zaɓa Min

Jiya a kasuwar Kenyatta ta Enugu na ga wani mutum ya ɗaga injin walda yana jin nauyinsa, sai na tsaya ina kallonsa. Haka Baba yake yi, tsohon mai waldan layinmu a Abakpa Nike.

Shekarar da na gaji da kai tsohuwar motata gareji, na ce zan sayi ɗan inji mai sauƙin kuɗi in riƙa liƙe-liƙena a gida. Shi ya raka ni har Onitsha, duk da ciwon gwiwarsa. Ba ruwansa da kyan fenti. Kowane inji sai ya ɗaga shi da hannuwan nan nasa masu tabon ƙuna, ya kai hanci ya shinshina. Ya tsaya kan wani na hannu, baƙi ƙirin, mai warin tsohon mai.

"Ɗauki wannan, ɗana. Nauyin nan tagulla ce a ciki."

Ni kuwa idona yana kan wani sabo, ja, shafal da shi. A gaban mai shago na ce, "Baba, zamani ya wuce ku."

Jan na saya. Baba ne ya riƙe min kwalin a cinyarsa har Enugu.

Ina cikin liƙin salansar motata injin ya yi hayaƙi ya mutu. Kunya ta sa na riƙa kauce wa rumfarsa, kullum ina cewa sai gobe. Ranar da na je, ana yi wa gawarsa wanka na tarar.

Ya Allah, ka nauyaya mizaninsa, ka isar masa da ban haƙurin da ban kai ba.