Daɓen da ke Ƙarƙashin Ɗakin Tukwane

Jiya da hantsi leburori suka fara danne ƙasa a filin da ke bayan gidana, za su zuba kankare. Ina zaune ina tsinke zogale, sai na ji dim, dim, dim ta bayan katanga, hannuna kuwa ya tsaya cak a cikin tire. Wanda ya tashi a gidan siminti ba zai gane abin da wannan sauti ya yi mini ba. Ni ya mayar da ni gidanmu na Madabo, ya kuma taso mini da wani miki da nake ta lulluɓewa.

Gidanmu gidan ƙasa ne mai zaure biyu, da rijiya a gefen tsakar gida. Babana da baffana suna da rumfar kayan yaji a Kasuwar Kurmi, don haka ko tufafinmu ƙanshin kanumfari suke yi. Amma mai gidan ta gaskiya Kaka ce, mahaifiyarsu, wadda duk unguwar ba wanda ya kai ta iya daɓe. Da rani, in za a kawo amarya wani gida, ita ake aiko wa. A baza tsakuwa a ɗakin, a jiƙa, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, suna bugu suna waƙa, Kaka na bi tana yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Warinsa mai ɗan tsami ne, in ya kama hannu sai ya yi kwanaki. In ɗakin ya bushe sai ya yi duhu yana sheƙi, ka taka da rana tsaka ka ji sanyi har cikin ka. Ni ce mai ɗaukar mata ƙwaryar makuba tun ina shekara bakwai, shi ya sa take kirana ƙawata.

A gidan akwai 'yar baffana, wadda na girme ta da wata biyar kacal, amma aka tilasta mata ce mini Yaya. Ba ta son taɓa laka, ba ta son warin makuba. Ita dai a bar ta da littafi. Ajinmu ɗaya, kullum ita ce ta ɗaya, ni kuwa ina can tsakiya inda ba a tafa wa mutum ba a kuma dukansa. Bari in faɗa tun yanzu don kada a ce na ɓoye: ina ƙyashinta tun muna 'yan mitsi-mitsi. Ko sabon takalmi aka saya mana iri ɗaya, sai in ga nata ya fi ƙyalli.

Wata bazara, 'yar baffana ta tafi hutu dangin mahaifiyarta, gafiya ta yi mana rami a ɗakin tukwane, wani ɗan ɗaki da ke kusa da rijiya inda ake kife manyan tukwanen biki. Kaka ta ce ba za ta toshe bakin ramin kawai ba, sai ta ga inda ya ƙare. Ta ɗauko tsohuwar fartanya, muka shiga mu biyu. Zafi ake yi irin na jiran ruwan farko, gumi na zuba mana a ido. Muka fasa daɓen da muke takawa, sai ga wani a ƙarƙashinsa, ja. Muka wuce shi, ga wani, sai toka mai kauri, sai kuma wani. Har hannuna ya nutse zuwa kafaɗa, sannan fartanyar ta yi ƙara kamar ta daki kasko.

Kaka ta ajiye fartanyar, ta share wurin da tafin hannu. Tsingaro ne, fasassun tukwane ƙanana, an kafa su a tsaye da gefe, a manne da juna, layi na karkata nan, na kusa da shi na karkata can, tamkar kitso. Ba ko ɗaya da ya goce. Na taɓa, na ji samansu ya yi sulɓi don yawan taku. Kaka ta daɗe tana kallo.

"Ni ban iya wannan ba," in ji ta daga baya. "Uwata ma ba ta iya ba. Allah ya jiƙan mai hannun nan."

Sai ta juyo ta kama kunnena. Ta ce in mutanen gwamnati suka ji, za su zo da takarda su ce gidan na tarihi ne, su kore mu. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ƙawata. Kin ji ko?" Muka mayar da ƙasa, muka daɓe, ta yayyafa makuba, aka kife tukwane a kai.

Na riƙe amanar wata huɗu. Ranar da aka ba da sakamakon jarrabawa, baffa ya ɗaga 'yarsa sama a tsakar gida, ya saya mata jakar makaranta mai zif. Ni aka ce Allah ya ƙara basira. Da yamma muna wanke-wanke na kasa haƙuri, na ce mata ai ni na ga abin da ko malaminmu bai taɓa gani ba. Na zayyana mata komai, tokar, da jan daɓen, da kitson tsingaron. Idonta ya yi waje, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Da ta ce a ina, sai kunnena ya tuna da hannun Kaka. Na ce a ɗakin Kaka ne, ƙarƙashin gadonta. A ganina na ci rabin amana na bar rabi.

Shekaru suka tafi, Kaka ta rasu muna ajin ƙarshe na sakandare. Ba a daɗe ba aka manna wata takarda a makarantarmu: wata gidauniya za ta ɗauki nauyin karatun 'ya'yan cikin ganuwa da ke son ilimin tonon kayan tarihi, don a daina jiran baƙi su zo su gaya mana abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Kuɗin makaranta, da masauki, da littattafai, har da zuwa waje ga wanda ya yi ƙoƙari. Abin da ake so, kowa ya rubuta abin da ya sani game da tsohon birni. Ni da 'yar baffana muka nema. Na zauna da biro, tsingaron nan na yi mini gizo, amma na ce Kaka ko shekara ba ta yi a ƙasa ba, ba zan tona ta ba. Na rubuta ganuwa da ƙofofinta, abin da kowane yaro zai rubuta.

Ita aka ɗauka. Ranar da aka kira iyaye, wani malami ya karanta rubutunta a gaban jama'a. Ina zaune a layin baya na ji maganata tana fitowa daga bakinsa, har da kwatancen kitson. A ƙarshe ta rubuta, "Na gani da idona, na kuma taɓa da hannuna." Aka yi ta tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da muka dawo gida na shige ɗakin tukwane na yi kuka har na gode wa Allah. Mahaifiyata ta leƙo ta ce in tashi, hassada ga mai rabo taki ce. Ban gaya mata dalili ba.

Takin kuwa ya yi aiki. Ta yi digiri, ta haye jirgi, ta dawo ana ce mata Dakta. Ni na yi kwalejin horon malamai, na yi aure a Jakara, ina koyar da 'yan aji uku. Ba na raina abin da Allah ya ba ni. Amma duk sallar da ta zo gaishe ni, ta durƙusa ta ce "Yaya, ina wuni," da tsarabarta, sai in ji tuwon ranar ya ƙi wucewa. Ba ta taɓa ta da zancen rubutun nan ba, ni ma ban tayar ba.

Bayan babana da baffa sun rasu, magada suka yi yawa, aka sayar da gidan ga wani mai son gina shaguna. Dakta ta roƙe shi ya ba ta mako guda kafin a rushe. Ta zo da ɗalibanta shida, da zare, da turaku, da buroshi, da rariya suna tankaɗe ƙasa kamar za su yi tuwo da ita. Duk sun karanta labarin daɓen, sun zo su gani. Suka ja zare a ɗakin Kaka, daidai inda gadonta yake. Na je da sunan kwashe sauran kayan mahaifiyata, na zauna a bakin rijiya ina kallo. Kwana huɗu suna tono, ba su samu komai ba sai tsohon kwalabe da ƙashin akuya. Ɗakin tukwane na bayana, taku uku.

A rana ta biyar, bayan azahar, ɗaliban sun fita cin abinci, ta zo ta tsuguna a gabana. Wadda ba ta son laka, ranar har girarta ƙasa ce.

"Yaya, don Allah, a ina ne?"

Na san abin da ya kamata in yi. Yatsa kawai zan ɗaga. Amma abin da na haɗiye shekara da shekaru ya taso mini.

"Ni kuma, Dakta? Ai ke kika gani da idonki."

Ta sunkuyar da kai. Na jira ta ce ta yi kuskure, ko da kalma ɗaya ce, wallahi da ta faɗa da na kama hannunta na kai ta. Ita ma ina jin jira take in sauko. Sai muka ji sallamar ɗaliban a zaure, ta miƙe ta karkaɗe zaninta. Na ce a raina gobe zan gaya mata, ta ɗan ƙara ɗanɗanawa. Goben na ce jibi. Jibin wanda ya sayi gidan ya turo leburori tun da sassafe, kafin in iso daga makaranta sun tura katangun ciki, baraguzai sun rufe komai.

Yanzu shaguna biyar ne a wurin. Cikin birni duk ya zama haka, ba mai yin daɓe, 'yata ma ba ta san warin makuba ba. Kaka ta ji tsoron a ƙwace gidan saboda daɓen, ga shi gidan ya tafi ba wanda ya ƙwace, daɓen kuma da shi kaɗai zai iya sa a dakata, ni na rufe bakina a kansa. 'Yar baffana har yau tana zuwa gaishe ni da salla. Har yau kuma, in faɗi gaskiya, in na ji an ce mata Dakta sai na ji wani abu. Amma ita abin da ta ɗauka nawa ne ni kaɗai. Abin da na binne kuwa na matar nan ne da Kaka ta yi wa addu'a, wadda ta durƙusa ta kafa tsingaro ɗaya bayan ɗaya.

Shago na uku, wanda ya hau kan ɗakin tukwane, na mai sayar da kayan ɗinki ne. Nakan je sayen zare ko ba na bukata, in tsaya ta hannun hagu kusa da kanta, in ɗan buga dunduniyata a kan simintin. Rannan mai shagon ya lura, ya ce, "Malama, wani abu ne ya faɗi?"

Na ce, "E, amma ya yi nisa."