Pompon da Ya Hana Tsoho Ruwa

Na zo Arlit daga Maraɗi da jakar kayan aikin pompo, na samu aiki a wata kantin inda wani ɗan kwangila yake dafa wa ma'aikatan ma'adinai abincin rana. A bakin ƙofar shiga akwai doguwar tasar ƙarfe ta wanke hannu, da pompo takwas a jere a kanta. Ba su da abin murɗawa. Kowanne yana da ɗan ido baƙi a wuyansa. Ka miƙa hannu ruwa ya zubo, ka janye ya tsaya. A ƙarƙashin tasar kuma kowanne da akwatin pil, wato batir, da makullin ruwansa.

Kula da su shi ne aikina. Ruwan Arlit yana barin farin gishiri a kan duk abin da ya taɓa, don haka kullum da safe sai na goge idanun nan da tsumma da ruwan tsami, na kwance ƴar rariyar bakin pompo na kaɗe yashi. Akwai wata ƴar roba a ciki da zafi ke busarwa ta tsage. Da can in ta lalace sai na je magaza, ɗakin ajiyar kaya, na ɗauko sabuwa. Amma a shekarun nan kasuwar ma'adinin ta faɗi, ɗan kwangilar ya tsuke hannu, hanyar Agadas kuma ba ta biyuwa sai da rakiyar soja saboda tawaye. Kayan gyara suka daina zuwa. Na dinga cire na wannan ina sa wa wancan, har takwas suka koma biyar. Masu dafa abinci suka sa ni gaba da ba'a, wai in aka bar ni sai an koma wanke hannu da buta.

A lokacin ne aka ɗauki wani dattijo aikin shara. Ba'abzine ne daga wajen Gugaram, fari ya cinye masa dabbobi ya shigo gari. Dogo ne, siriri, ba ya yawan magana. Shunin rawaninsa ya rine masa hannuwa har tafin. Ni kuwa na san halin idanun nan: in pil ya yi sanyi, ba sa saurin ganin hannu mai duhu. Ko ni sai na matsa sosai kafin ruwa ya zo.

Ranar da ya fara aiki ya miƙa hannu, pompo ya yi shiru. Wani mai dafa abinci da hannunsa ya yi fari da garin fulawa ya zo ya miƙa nasa, ruwa ya zubo. Aka yi dariya. Dattijon ma ya murmusa, ya matsa pompo na gaba.

Washegari ina kwance a ƙarƙashin tasar ina canja roba, sai na ga takalmansa na fata sun tsaya dab da kaina. Na sa hannu na rufe makullin. Ya matsa na gaba, na rarrafa na rufe shi. Da wani ya zo na buɗe masa. Kicin ya kaure da dariya. Na leƙo da kaina na ce, "Baba, pompon nan fa Nasara ya ƙera shi. Yana gane ɗan tawaye."

Ya dube ni daga sama, ya ce da irin Hausarsa, "Malam, ni ba ni da bindiga. Akuya ma ba ni da shi."

Wannan ma aka yi masa dariya. Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba. An kwana biyu ana yi da ni, yau ga wani an samu.

Sunan ya bi shi. Ɗan tawaye, kawo tsintsiya. Ɗan tawaye, goge nan. Masu faɗin haka ba da mugunta suke yi ba, haka dai bakin kicin yake. Shi kuma bai sake zuwa wajen tasar ba. Ya samo buta, in lokacin abinci ko salla ya yi sai ya zaga bayan kicin, inda ake ajiye tukwanen gaz, ya wanke hannu ya yi alwala shi kaɗai. Na sha ganinsa a can in na je duba bututu. Sau ɗaya na yi niyyar ce masa na sa sabon pil a pompo na farko, ya zo ya gwada. Da na iso sai na gaishe shi kawai na wuce.

Bayan wata biyu wata mota ta taka nakiya a hanyar da ke fita gari. Arlit ta tsorata. Mutane suka fara kallon maƙwabtansu, ana lissafa wanda ɗansa ya ɓace daga gari, ana cewa ya hau dutse wajen ƴan tawaye. A makon nan shef, wato shugaban kantin, ya kira ni biro, ofishinsa. Mutumin kirki ne, amma ranar idonsa ya yi ja, an ce masa ya rage ma'aikata, ya kuma tabbatar da amincin waɗanda suka rage.

Ya ce, "An ce kai ka fara kiran tsohon nan ɗan tawaye. Me ka sani a kansa?"

Na ce, "Wasa ne, shef."

"To me yake yi kullum a bayan kicin, wajen gaz, shi kaɗai?"

Na san amsar sarai. Amma in na ce wanke hannu yake yi, za a tambaye ni me ya hana shi tasar. Daga nan sai maganar makullin ta fito, a ji mai gyaran pompo yana wasa da kayan aiki a lokacin da ake neman wanda za a kora. Matata tana da ciki a lokacin. Duk wannan ya bi ta kaina kafin shef ya ajiye alƙalamin da ke hannunsa.

Na ce, "Ban sani ba."

Ranar Asabar aka sallame shi. Ya jingina tsintsiya a inda ya saba, ya bi kowa ya ba shi hannu, har ni. Daga baya na ji ya nemi gadi a gidaje biyu an ƙi shi, domin labari ya riga shi zuwa cewa kantin ta kore shi saboda ana shakkarsa.

Sai bayan kusan shekara na sake ganinsa. An kira ni gyaran bututu a Akokan, kusa da Arlit, a unguwar da ake gina ɗakuna da ƙarfen tano, wato ganga, da kwali. Ina dawowa na gan shi zaune a gindin wata katanga, ya kasa gawayi ƙananan kashi. Ya rame ƙwarai. Na so in wuce, ƙafata ta ƙi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi iyali da aiki.

Na ce, "Baba, akwai abin da ya daɗe yana ci na. Ranar nan ba pompo ne ya ƙi ka ba. Ni na rufe."

Ya ce, "Na sani. Na ga hannunka."

Ya gyara wani kashin gawayi da ya zube, sannan ya ce, "Wannan wasan yara ne, ya wuce. Amma mai dafa shinkafa ya ce mini shef ya tambaye ka. Ka ce ba ka sani ba."

Na ce ya yafe mini don Allah. Wata mata ta zo ta sayi gawayi ta tafi. Sannan ya ce, "Allah ya yafe mana duka." Na jira ko zai ƙara wani abu. Ya ci gaba da kasa gawayinsa.

Washegari na shiga biro da niyyar faɗar gaskiya. An riga an canja shef. Sabon ya saurare ni har ƙarshe, ya ce bai san tsohon ba, kuma ba ɗaukar mutane ake yi yanzu ba. Ko faɗa bai yi mini ba. Da na koma Akokan bayan mako biyu, wani mai sayar da taba ne a gindin katangar. Ya ce tsohon ya hau wata babbar mota, bai san ko Gugaram ta nufa ko arewa ba.

Kantin ta rufe bayan wasu shekaru, muka dawo Maraɗi. A can ne wata rana, muna zaune a tsakar gida tana tsince wake, na ba matata labarin daga farko har ƙarshe. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Yana da ƴaƴa?"

Na ce ban sani ba. Wata biyu muna aiki wuri ɗaya, ban taɓa tambayarsa ba.