Kwana shida da na hana Baba maganinsa

Ni ce na hana Babana maganinsa har kwana shida. Ba laifin Yaya Lawali ba ne. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Inna.

Wata bakwai ke nan ban rubuta komai a wannan shafi nawa ba. Masu tambayata ko littattafan soyayyar da nake ba ku labarinsu ne suka ƙare, ba su ƙare ba. Kunya ce ta rufe mini baki.

A wurin shayi ciwon ya fara. Duk unguwarmu a Buza an san Baba da zuba shayi daga sama, kumfa ta tashi, ko ɗigo bai faɗi ƙasa ba. Wata la'asar muka ga shayin yana sauka a kan tire. Ya yi dariya ya ce iska ce. Babu iska ranar.

Daga nan tafiyarsa ta gajarce, muryarsa ta yi ƙasa. Daga likitar Buza, asibitin garinmu, aka tura mu Tawa. Aka ɗebi jini, aka sa shi tafiya ya dawo, ya buɗe hannu ya rufe. Dokter ya ce ciwon karkarwa ne, Parkinson. Ya ce ba ya warkewa, amma magani yana riƙe shi.

Yaya Lawali, wana, shi ke sayo maganin. Ni ke ba shi, sau uku a yini, don ni ke karanta ordinansi, takardar maganin da dokter ya rubuta. Haɗiya tana yi masa wuya, sai in daka ƙwayar in zuba a kunu.

Sai na ga wani bidiyo a waya. Wai ana motsa ƙwaƙwalwa da haske mai ƙyaftawa da wata ƙara, karkarwa ta ragu. Na kalle shi ya fi sau ashirin.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. A littattafan da nake karantawa, kullum akwai yarinya marar magana wadda ba a kula da ita, ƙarshe ita ke ceton gida. Na so in zama ita. Na ce a raina, in yana shan ƙwaya ya warke, za a ce ƙwaya ce. In babu ƙwaya, za a san ni ce.

Na daina zubawa a kunun.

Kullum bayan azahar sai in kai shi ɗaki, in saki labule, in sa masa ekuter, abin jin sauti, a kunne, in riƙe wayar a gaban idonsa tana walƙiya. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, wanga abu kamar zuma ta shiga ƙwarya. Mi shi ka yi?"

"Magani na, Baba."

"To. Tunda ke kinka ce."

Rana ta shida ya kasa tashi daga wurin alwala. Jikinsa ya sandare kamar icce, ga zazzaɓi, ga zufa, bakinsa ba ya buɗuwa. Inna tana salati tana kiran maƙwabta.

A Tawa aka sa masa ƙarin ruwa, aka zura masa tiyo ta hanci don magani ya shiga. Dokter ya tambaya ko yana shan maganinsa. Kowa ya juyo gare ni.

Na ɗaga kai, alamar e.

"To ina kunka saye shi?" in ji dokter.

"Farmasi, wallahi," in ji Yaya Lawali.

Wani kawunmu ya ce, "Yaran yanzu! Na tebur ya kwaso a kasuwa, ya ce farmasi."

Baba bai iya magana ba lokacin. Ya dai dubi Yaya, ya kau da kai. Ina tsaye, na bar laifin a kansa.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Ranar sallama na bi dokter har bakin ƙofa, na nuna masa bidiyon. Ya ce ana gwada irin wannan a wasu ƙasashe da na'urori na musamman, kuma ba a gama sanin amfaninsa ba. Ya ce, "Ba da waya aka yi nai ba, ɗiyata. Kuma ba wanda ya ce a bar magani." Ya daɗe yana kallona. Ina jin ya gane.

Yau Baba yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ya koma zuba shayi, ƙasa-ƙasa, rabi a finjali rabi a tire. Alhamdulillahi. Na gode wa ma'aikatan da suka tsaya a kansa, da maƙwabtan da suka kai mu, da ku da kuka yi addu'a.

Amma Yaya Lawali ba ya zama shayi. Yana gaisuwa daga zaure ya juya. Har yau shi ke sayo maganin, sai dai ya miƙa wa Inna tare da takardar farmasi, ba wanda ya tambaye shi.

In kuna jinyar mai irin wannan ciwo, kada ku tsayar masa da magani da kanku, ko na yini ɗaya. Abin da kuka gani a waya, ku kai wa dokter kafin ku kai wa majinyaci. Kuma in ya tambaye ku, ku faɗi gaskiya nan take. Kullum da ta kwana ƙara nauyi take yi.

Jiya Baba ya miƙo mini finjalin farko, wanda Yaya ke sha a da. Ya ce, "Uwata, da ba don ke ba, da tuni an manta da ni."

Ban iya sha ba.

Ƙwayoyin suna nan, goma sha takwas, a cikin ambulan, tsakiyar wani littafi. Na kwafe wannan labari a takarda da manyan baƙaƙe, don Baba yana karanta Hausa. Na so in ajiye masa ƙarƙashin tire in gudu gidan gwaggo. Sai na tuna hannunsa ba ya riƙe takarda tsaye. Dole wani ya riƙe masa har ya kai ƙarshe.

Ni zan riƙe.

Na aika wa Yaya Lawali saƙo ya zo shayin la'asar, na ce ya shigo har ciki. Ina jin Inna tana hura gawayi.

In kun ga wannan rubutu a nan, to na miƙa wa Baba takardar.