Gyaran da Lubabatu Ta Yi wa Turawa

Kafin in san darajar Malam Halliru, kekensa na sani, kuma haushinsa nake ji. Ni Maharazu kabu-kabu nake yi tsakanin tashar Illela da bakin iyaka, kuma duk mai wannan sana'a ya san babu abin da ke ɓata rai kamar mai keke a gabanka hanya ta matse. Malam kuwa ba ya kaucewa. Zai taho daga Amarawa a kan baƙin kekensa, ya ɗaure ƙafar wando da roba, yana tuƙi a natse kamar titin gadonsa ne. In ka danna masa oda sai ya ɗaga maka hannu, a zatonsa gaisuwa ce.

Ya yi shekara da shekaru yana koyar da Turanci a sakandare kafin ya yi ritaya. Rabin ma'aikatan garin nan ta hannunsa suka bi. Da ya bar aiki bai iya zama ba, sai ya roƙi wani tela ya bar masa rumfar bayan shago, ya kafa allo da benci biyu. Da safe yana gonar geronsa, bayan la'asar yana rumfa. Ɗalibansa tarkace ne: 'yan canji masu son amsa waya da Turanci, samarin Ƙonni da Faransanci ya cika musu baki, da masu shirin jarrabawa. Ba ya duka, ba ya tsawa. Abin da ya fi ƙona wa ɗalibai rai shi ne shirunsa, don in ka yi kuskure zai zuba maka ido ne har ka gano da kanka.

Ƙanwata Lubabatu ce ta kai ni wurinsa. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, kuma ta samu gurbin ƙarin karatu a wata ƙasar Turai, da sharaɗin ta ci jarrabawar Turanci. Ta je Abuja ta zauna. Karatu ta ci, saurare ta ci, magana ta ci, rubutu ya kayar da ita. Suka ce saura dama ɗaya, in ta sake faɗuwa a ba wani gurbin. Yarinyar da ba ta raina tuwo sai ga shi an koma ana lallashinta ta ci abinci. Inna ta ce in kai ta wurin Malam, in kuma jira in dawo da ita. Haka na zama ɗalibin dole, ina zaune kan babur a bakin rumfa ina jin komai.

A wannan jarrabawa akwai wurin da ake ba mutum zane, a ce ya bayyana abin da ke ciki da Turanci. Malam ya miƙa mata irinsa. Sanduna ne dogaye da gajeru, shuɗi na maza, ja na mata, suna nuna yadda mutanen wani gari na Turai ke hawa keke, daga yara har tsofaffi. Ta duƙufa ta rubuta, ta miƙa masa tana murmushi.

Malam ya karanta, ya dubi zanen, ya sake karantawa. Sannan ya yi shirun nan nasa.

"Lubabatu, Turancinki ba shi da laihi," in ji shi. "Amma kin rubuta maza sun hi mata hawan keke. Ina kig ga hakan?"

"Malam, ai kuskure sunka yi wurin buga takardar. Sun sa wa maza launin mata. Dubi nan, wai tsohuwa mai jikoki ta hi saurayi hawan keke. Shi ne nig gyara musu."

"Mi ya hana ki hwaɗi cewa kuskure na?"

Ta sunkuyar da kai. "Manya na sunka rubuta, Malam. Ba ni son in kunyata su."

Na kusa faɗowa daga babur don dariya, amma a raina na san ba ta yi wani abin baƙo ba. Haka aka tarbiyyantar da mu. In dattijo ya yi tuntuɓen harshe a cikin taro, ba ka ce masa ya yi kuskure, sai ka maimaita maganar daidai kamar haka ya faɗa, ka rufa masa asiri. Lubabatu ladabi ta yi wa Turawa. Da Malam ya matsa da tambaya, sai ta ce a Abuja ma zanen da aka ba ta ya nuna wai maza sun fi mata daɗewa a wurin girki, ta tausaya wa mai jarrabawar ta daidaita masa.

Na zaci Malam zai yi mata dogon bayani. Bai yi ba. Ya ce mata ta zo da wuri ranar kasuwa, kuma ta zo da abin zama.

Ranar Lahadi ya zaunar da ita a inuwar wani shago kusa da hanyar kara, inda ake shiga da dabbobi. Ya ce duk wanda ya wuce a kan keke ta yi masa alama, namiji ko mace, yaro ko babba ko tsoho. Shi kuma ya jingine kekensa ya sayi rake. Ni na yi ta jigilar fasinja ina dawowa ina tsokanarta, ina ce mata ko an ɗauke ta aikin kwastan ne. Ta ga 'yan makaranta, ta ga masu tallan ruwa da jarkoki, ta ga tsofaffi daga ƙauyen Garu da damin ciyawa a baya. Samari kaɗan ne, don mu duk mun koma babur. Mata kuwa, in ka cire wasu ƙananan yara biyu da ke koyo da keken yayansu, babu ko ɗaya.

Washegari ya sa ta zana nata sandunan a allo. Shuɗi suka miƙe, ja suka kwanta a ƙasa.

"To," in ji Malam, "a ce mun aika wanga zane ƙasar Turai. Wata yarinya mai ladabi irinki ta duba, ta ce ba ya yiwuwa a ce gari guda ba mace bisa keke, lalle kuskure na. Sai ta gyara muna. Mi za ta rubuta?"

Lubabatu ta dubi allon. "Za ta ce matan Illela ka hawan keke, maza na gida."

"Har da Innarku, da damin ciyawa."

"Wallahi ta yi muna ƙarya, Malam."

"Da kyakkyawar niyya," in ji shi. Ya ɗauki tsumma ya ba ta ta goge allon.

Daga ranar aikin ya sauya. Kullum zai ba ta sabon zane, ta fara da faɗin abin da zanen yake nunawa gaba ɗaya, sannan inda ya fi yawa, inda ya fi ƙaranci, da inda maza da mata suka yi kusa da juna. Ya hana ta kawo dalili. In ta fara cewa wataƙila saboda kaza ne, sai ya ƙwanƙwasa benci da alli. Maganarsa ɗaya ce har na haddace ta: ta faɗi abin da ta gani, kada ta ƙara, kada ta rage. Ta sha wuya, don mu mutanen kasuwa ne, ba mu iya ba da labari ba gishiri. Wani lokaci a kan hanyar gida takan yi ta gwadawa a bayana, tana bayyana mini shanu da raƙuma da Turanci, har fasinjojin wasu baburan suna waiwaye.

Ta koma Abuja bayan an yi girbi. Da sakamako ya fito ta ci, kuma rubutun ne ma ya fi sauran kyau. Inna ta dafa masa fura ta musamman, na kai har Amarawa. Ya karɓa ya yi godiya, ya tambaye ni ko har yanzu ina danna wa mutane oda.

Yanzu shekara biyu ke nan da tafiyarta Turai. Idon Malam ya yi rauni, yana gani dishi-dishi, an hana shi hawa titi. Keken na jingine a zaurensa, yana goge shi duk da haka. Ni nake ɗauko shi zuwa rumfa in mayar da shi, kuma duk fasinjan da ya tare ni a lokacin sai dai ya yi haƙuri. Ba na jin na biya shi ko rabin abin da ya yi wa gidanmu, kuma ina gode wa Allah da ya sa kunyar Inna ta hana ni ƙin kai Lubabatu.

Makon jiya Lubabatu ta turo hoto a waya, ta ce in nuna masa. Na same shi a zaure na miƙa masa. Ya kai wayar kusa da fuska, ya nisanta ta, ya girgiza kai ya mayar mini.

"Ba ni gani, Maharazu. Hwaɗa mini abin da kag gani."

Na buɗe baki zan ce ai ka san halin Lubabatu da rigima, sai ya ɗaga yatsa. Na haɗiye.

"Mata biyu na, Malam, kowace da kekenta, a bakin wani asibiti. Guda tsohuwa ta, kanta duk hurhura. Gudar tana da hijabi ruwan toka."

"Wace ta gaba?"

"Tsohuwar."

Ya yi dariya har ya share ido da bakin rawani. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ya riƙe ta a tafinsa, bai ce in ƙara komai ba.