Dashen Tumatir da Na Kai Gozaki

Mun tashi da asuba daga Zariya, mu uku a motar ofis: ni da direba da wata malamar jami'a mai binciken ƙwarin gona. Ni malamin gona ne, na daɗe ina yawo tsakanin Funtuwa da Malumfashi, amma ban taɓa yin tafiyar da na yi fatan mota ta lalace ba sai wannan.

Ga dalili. Bara malamar ta bi gonakin yankin tana kama farin ƙuda tana zubawa a 'yan kwalabe, ni ina nuna mata hanya. Duk manomin tumatir ya san shi, ɗan mitsitsin ƙwaron nan da ke maƙalewa a bayan ganye har ganyen ya nannaɗe. A ido duk ɗaya suke, sai an gwada ƙwayoyin halittarsu ake gane cewa iri-iri ne. Sakamakon gwajin za mu kai wa manoma, kuma na riga na karanta shi. A yawancin wurare ɗan gida aka samu, amma a fadamar Gozaki wani baƙon iri ne da maganin feshin da muka saba ba ya kashe shi sosai. Gonakin da aka same shi kuwa su ne waɗanda na raba wa dashen tumatir shekara biyu da suka wuce. Daga nesa na sayo shi don an ce yana da 'ya'ya, ban tsaya na duba shi ba.

Mun wuce Giwa gari na wayewa, muka karya a Funtuwa wajen wani mai shayi kusa da tasha. Ƙosan ɗari biyar yanzu a tafin hannu yake zama, har direba ya tambayi mai suyar ko ita ma farin ƙudan ya shiga kaskonta. Kowa ya yi dariya ban da ni.

A hanyar Bakori na tambayi malamar ko ta tabbata dashena ne ya kawo shi. Ta ce ba za ta rantse ba, don iska na ɗaukarsa, motocin kaya ma haka, amma ƙwansa a jikin dashe ya fi saurin kai shi gari mai nisa. Ta ƙara da cewa takardarta sunan ƙwaro ta ambata, ba sunan mutum ba. Na gane ƙofa ta buɗe mini in ina son in yi shiru.

A Tsiga taron manoma ya yi daɗi, don ƙudan gonakinsu ɗan gida ne. A Malumfashi muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake da mai da yaji, sannan muka kama hanyar Kafur, ramuka na ta gaisawa da tayoyinmu. Kafin la'asar muna Gozaki, manoma sun taru a gindin mangwaro a bakin fadama.

A sahun gaba na hango Malam Ila, dattijon da nake tsoron haɗuwa da shi. Tun farkon abin ya tare ni ya ce wannan ƙudan ba irin wanda ya sani ba ne, ana fesa shi yau, jibi ya dawo. Na yi masa dariya a gaban mutane, na ce ƙuda duk ƙuda ne, ya ƙara magani kawai. Ya ƙara, ya ninka, har fatar hannuwansa ta ɗaye, tumatirin kuma ya ƙone a tsaye. Ran nan da na ba shi hannu na ji tabon har yanzu yana nan.

Malamar ta yi bayani tiryan-tiryan: a riƙa sauya magani, a tuge shukar da ta kamu, kada a kai dashen nan wani gari. Wani ya tambaya ta ina baƙon ya shigo. Ta shiga gyara takardunta. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce mai yiwuwa a dashen da na kawo ne, kuma Malam Ila ya yi gaskiya, ni ne na yi kuskure.

Wani magidanci ya ce haƙurin da nake bayarwa ba zai dawo masa da noman rani biyu ba, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Ba wanda ya tsayar da shi, ni ma ban ga laifinsa ba. Malam Ila ya ɗago ya dube ni.

“Ai mun daɗe da sani, Malam. Wanda bai karɓi dashenka ba bai ga abin ba sai daga baya. Jira muke mu ga ko za ka faɗa da bakinka.”

Na ce, “Ku yafe mini, Baba.”

Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma in na sake zuwa in zo da kunne, ba baki kaɗai ba.

Da za mu tafi ya sa aka zuba mana albasa a bayan mota, don ita ya koma nomawa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Muka biyo ta Dabai da Danja da Hunƙuyi don mu isa Zariya kafin duhu.

Na shiga gida ana kiran magariba. Uwargida ta ga albasa ta yi murna, ta tambaya wane mutumin kirki ne ya ba ni. Na ce wanda na cuta ne. Abin da na koya a tafiyar nan kaɗan ne amma ya yi mini nauyi: abin da ɗakin gwaji ya yi watanni kafin ya tabbatar, mai gona ya gane shi tun a feshi na biyu, ya kuma faɗa mini kyauta, na raina shi don ba shi da takarda.