Ciwon Inna Mai Zuwa Ya Tafi

Jiya na ratsa Kasuwar Kilomita Biyar a nan Bangi, sai warin jiƙaƙƙen rogo ya tare ni wajen masu sayar da garin rogo. Na tsaya cik. Warin ƙauyen da na yi ƙuruciya ke nan, can cikin kurmi, inda Baba yake da 'yar rumfar gishiri da sabulu da kananzir.

Ba na jin ka san irin ƙauyen. Hanyarsa ɗaya ce, jar laka, kuma da damina ta kankama kogi yakan shanye gadar katako. Daga nan sai mu zauna mu kaɗai, mu da kukan kwaɗi, har ruwa ya janye.

A can ciwon Inna ya fara. Wata safiya tana tankaɗe ta ce idonta na hagu ya yi dishi-dishi, kamar an shafa masa mai. Bayan 'yan makonni ya washe, muka ce gajiya ce. Da shekara ta zagayo sai ƙafafu. Ta ce kamar tururuwa na yawo a cikinsu, takalminta yakan zame ba ta sani ba. Na fi tuna zafin da ke zuwa gab da faɗuwar ruwa. Da rana ta take sai ƙarfinta ya tsiyaye, ni kuma in jiƙa zane a randa in lulluɓa mata, ta ɗan farfaɗo.

Liman ya yi rubutu, ta sha. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, ta dafa mata saiwoyi. Ma'aikacin ɗakin shan magani mutumin kirki ne, amma maganin zazzaɓi kaɗai gare shi. Ciwon kuwa yakan lafa don kansa, sai kowa ya ce nasa ne ya ci. Baba ya sha cewa a tafi asibiti a Bangi, babban birni. Inna takan ce, "Malam, ai na samu sauƙi. Wa zai bar yara da rumfa don ciwon da ya tafi?"

Ba mu lura ba cewa duk zuwan da ya yi yana tafiya da wani abu, ba ya mayarwa.

Ranar da ta faɗi a bakin rijiya ta kasa tashi, tsakiyar damina ce. Haka muka zuba wa kogi ido har ya sauka, sannan babbar mota ta ɗauko mu. Muka sauka gidan Kaka, mahaifiyar Inna, a unguwar Kokoro cikin Bangi. Likita ya duba ta, ya tura su Kamaru a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Baba ya dawo da sunan ciwon na Faransanci, sclérose en plaques. Ya bayyana wa Kaka cewa jiki ne da kansa yake cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyi. Ba ya warkewa, amma da an gano shi da wuri, da an rage masa gudu.

Kaka ta saurara har ya gama. Can ta ce, "Ashe nisa ma ciwo ne." Ta miƙe ta kwashe kayanta daga ɗakin ƙarƙashin mangwaro, wanda ya fi kowanne sanyi, ta bar wa 'yarta.

Ba mu koma ƙauyen ba. Yau Inna a keken guragu take, jikokinta suna yi mata Sango tana amsa musu da Hausa. Waya ta kai ƙauyen yanzu, amma gadar tana nan yadda muka bar ta.

Kwanakin baya jikan tsohuwar nan mai saiwoyi ya kira mu gaisa. Cikin hira ya ce ƙafar matarsa ta yi ta mutuwa, amma alhamdulillahi ta fara sauƙi. Inna ta miƙo hannu ta karɓi wayar.

Ta ce masa da Sango, "Ɗana, Allah ya sa ba irin nawa ba ne. Amma kada ka yarda da sauƙin nan. Ka sa ta a mota tun kogi bai cika ba. Akwai ɗaki."

Ta miƙo mini wayar, ta ce in je in share musu.